Daga Gombe zuwa Gashaka-Gumti: ka zaɓi wata kafin ka zaɓi mota

Mu mutanen Gombe da Bauchi, da an ce gandun daji Yankari ke faɗo mana a rai. Ka kwashi iyali da safe, ka karkata a Dindima, ka shiga ta ƙofar Mainamaji, kafin la'asar yara suna iyo a Wikki, bika na fakon ledar biskit ɗinsu. Kana zaune a mota ake zagayawa da kai, in da rabo ka ga giwa. Wanda ya tafi Gashaka-Gumti da wannan lissafin zai sha mamaki, domin can ƙafa ce mota, kuma watan da ka je shi ke yanke abin da idonka zai gani, har da ko za ka iya shiga ma.

Gandun yana kwance ne a jihohin Taraba da Adamawa, jingine da iyakar Kamaru. A 1991 aka haɗe gandun Gashaka da na Gumti aka mai da su gandun ƙasa guda. Girmansa ya haura murabba'in kilomita 6,000, wato ya kusa ninka Yankari sau uku, kuma babu wanda ya kai shi a Najeriya. Ɓangaren arewa, na Gumti, fili ne na dogayen ciyayi da itatuwa jefi-jefi, ta Toungo ake shigarsa. Ɓangaren kudu shi ne na kurmi da kwazazzabai da tsaunuka, a nan Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai tsayin mita 2,419, ƙololuwar Najeriya duka. Kan wannan ɓangaren kudu zan yi magana, wanda ake shiga ta Serti.

Mataki na farko: watan tafiya

Da kuskurena zan fara. Zuwana na farko a farkon Mayu ne. A Gombe lokacin ana ta fama da zafi, ko yayyafi na kirki ba a samu ba, sai na ɗauka ko'ina haka ne. Ashe can damina ta riga ta zauna. Muka isa bakin wani rafi da aka ce jiya da ƙafa aka haye shi, muka tarar ya cika ya batse, jawur, yana jan rassan itace. Dattijon da ke mana jagora ya tsuguna ya dubi ruwan, ya ce, "Malam, wannan ba na yau ba ne, ba kuma na gobe ba." Kwana biyu muka yi muna jiran ya janye, kuɗin guzuri ya ƙare, muka juyo.

Ruwan da ke sauka a kurmin Gashaka yakan kusa milimita 2,000 a shekara, ninkin abin da muke samu a Gombe. Yana farawa tun Afrilu, ba ya ɗaukewa sai cikin Nuwamba. Saboda haka kada ka auna da sararin samaniyar garinku.

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, wannan lokacin mai son kallon ƙasa ne. Ruwa ya ɗauke, hazo bai yi kauri ba, tsaunuka suna nan shar, kana iya hango jerinsu ɗaya bayan ɗaya har cikin Kamaru. Rafuka suna da ruwa garai-garai. Aibinsa ɗaya: ciyawa ta fi mutum tsayi, ɓauna na iya tsayawa taku ashirin daga gare ka ba ka sani ba. Hanyoyin ma ba su gama bushewa ba.

Daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin da na fi ba mutum shawara, musamman mai zuwan farko. An yi toyi, ciyawa ta kwanta, sabon toho ya fara hudowa daga cikin toka, kore shar a kan baƙar ƙasa, kuma wannan tohon shi ke fito da dabbobi masu cin ciyawa fili da sassafe. Itatuwan fili sun kaɗe ganye, amma a lokacin ne gurjiya ke fitar da jan furenta, madobiya kuma ta rufe da ruwan ɗorawa ba ganye ko ɗaya a jikinta. Kurmin bakin rafi shi ba ruwansa da rani, yana nan kore, sai ka ga zirinsa yana bin kwari kamar an ja layi. Tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai ma suna nan. Abin da za ka rasa shi ne hangen nesa: ranar da hazo ya sauko, tsaunin da ke gabanka sai ya zama inuwa kawai. Dare kuma a kan tudu, sanyin Jos wasa ne.

Maris zafi ne a ƙasa, ruwa ya ja baya, dabbobi sun dawo bakin koguna. Mai neman ganin dabba kawai, wannan watansa ne, in jikinsa zai ɗauka. Wajen ƙarshensa ruwan farko kan wanke hazo, sararin ya buɗe, doka ta fitar da sabon ganye ja kamar an shafa mata lalle. Kyakkyawan lokaci ne amma gajere, kuma caca ce, don ba ka san ranar da rafi zai tare maka hanya ba.

Daga Mayu zuwa Oktoba ka bar wa masu bincike da ma'aikatan gandun.

Abu ɗaya da ya shafe mu: a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a tsakanin Fabrairu da Maris. Hawan tsauni da ƙishirwa ba abin da zan so wa kowa ba ne, don haka ka duba kalanda, ka sa tafiyarka kafin watan ya kama.

Mataki na biyu: ka yi magana da hukumar gandun tun kana gida

Gandun yana ƙarƙashin hukumar kula da gandun daji ta ƙasa, babban ofishinsa yana Serti. Tun 2017 hukumar ke aiki tare da gidauniyar Africa Nature Investors wajen tsaro da horar da jami'an sintiri. Ba a shiga sai da izini, ba a yawo sai da jami'i. Ka kira su mako biyu ko uku kafin ka tashi, ka faɗa musu ku nawa ne, kwana nawa za ku yi, da inda kuke son kaiwa. Ka tambayi kuɗin shiga, na masauki, na jagora da na 'yan dako, da ko ana biyan wani abu a kan kyamara. Ka rubuta, don kada a yi musu daga baya.

Tambayar da ta fi duka: yaya hanya, yaya daji a wannan makon? Yankin ya sha fama da masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, da mafarauta, da masu saran madobiya, wadda a Taraba suke ce wa "Madrid". In jami'ai suka ce kada a bi wani sashe, magana ta ƙare. Ka sake kira ana gobe za ka tashi.

Mataki na uku: gwada ƙafarka

Wannan shi mutane ke rainawa. Wata guda kafin tafiya ka fara tattaki da asuba, da jaka a baya, da takalmin da za ka tafi da shi. Sabon takalmi a kan tsauni azaba ce. Mutumin Gombe ya je Kaltungo ko tudun Tula ranar Asabar ya hau ya sauka. Na Bauchi ga duwatsun Mbula a Dass. In ka yi awa huɗu kana hawa da sauka, washegari ka iya yin sujada ba tare da nishi ba, ka isa tattakin zuwa Kwano, sansanin da ke cikin kurmi. Tsaunukan Hendu da Gangirwal suna son fiye da haka. Mai hawan jini ko ciwon suga ko asma ya ga likita tukuna.

Mataki na huɗu: kaya

Takalmi mai kama ƙasa, da silifas na hayin ruwa. Safa masu kauri, aƙalla ƙafa uku. Dogon wando da riga mai dogon hannu, launin ƙasa ko kore mai duhu; ka guji baƙi da shuɗi, don su ke kiran ƙudan tsando, fari kuma dabba na hango shi daga nesa. Kaftaninka mai sitati ka bar shi a Jalingo. Rigar sanyi mai nauyi, hular sanyi, da bargo ko jakar barci. Gidan sauro. Tocila mai ɗaurin goshi da batir na ajiya. Madubin hangen nesa, ko na aro ne, don in babu shi rabin abin da ke saman itace ya wuce ka.

Magani: na zazzabin cizon sauro, na ciwon jiki, na gudawa, gishiri da sukarin nan na leda, filasta da bandeji. Ruwan rafi komai haskensa a tafasa shi.

Abinci irin namu ya fi dacewa da wannan tafiya fiye da na gwangwani: garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi ko dambun nama, dabino, soyayyar gyaɗa, shinkafa, taliya, ganyen shayi da sukari. Ka lissafa da jagora da 'yan dako a cikin tukunya. Ka ƙara ɗan sukari da ganyen shayi da goro na tsaraba, zan faɗi amfaninsu a gaba. Kuɗi kuma a hannu, ƙananan takardu, domin da ka bar Serti ka yi sallama da tura kuɗi ta waya, sabis ɗin ma sai ka hau wani tudu ka yi sa'a.

Mataki na biyar: hanya

Daga Gombe ka bi titin Yola: Kumo, Billiri, Kaltungo, Cham, har Numan, inda Gongola ke zuba a Binuwai. Daga Numan ka yanke zuwa Jalingo, ka kwana. Kada ka ce za ka haɗa tafiyar a yini ɗaya. Titin yana da wuraren da za su cinye maka lokaci, kuma tafiyar dare a wannan yanki ba dabara ba ce. Wanda ya taso daga Bauchi ya yi sammako sosai ko ya kwana Gombe.

Washegari bayan sallar asuba ka kama hanyar Mambila: Garba Chede, Bali, Serti. Daga Bali ƙasa take fara canja kama, tsaunuka su fara matsowa, itatuwa su ƙara tsayi. Ka cika tanki a Jalingo, ka ƙara a Bali. Motocin haya masu zuwa Gembu suna bi ta Serti, don haka wanda ba shi da mota ma zai isa. Amma daga Serti zuwa ƙauyen Gashaka hanyar burji ce mai duwatsu da mashigan ruwa, sai mota mai ƙarfi mai jan ƙafa huɗu, ko babur. Ƙaramar motarka ka ajiye ta a Serti.

Mataki na shida: kwana biyun farko a Gashaka

Kada ka yi gaggawar hawa sama. Kewayen ƙauyen Gashaka yana da abin kallo na kwana biyu, jikinka kuma zai saba. Akwai gurbin dorina a kogi, inda ake zuwa da sassafe ko da yamma. Ka zauna inda jami'i ya nuna maka, kada ka taɓa shiga tsakanin dorina da ruwa. Da farko kunnuwa da hanci kawai za ka gani kamar duwatsu, sai ɗaya ta furzar da ruwa ta yi wannan gurnanin da ake ji har cikin ƙirji. A kan yashi ka duba kada yana shan hantsi. Kogin Kam, wanda mutanen wurin ke kira Mayo Kam, ya yi suna da giwan ruwa da tsage. Mai son jefa ƙugiya ya nemi izini tun a Serti. Duk waɗannan ruwayen Kogin Taraba suke tafiya, daga nan su faɗa Binuwai.

Akwai kuma kufan sansanin Jamusawa a kan tudu kusa da ƙauyen. Mutane da yawa ba su san wannan yanki a da cikin Kamarun Jamus yake ba. Bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanensa suka zaɓi Najeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna. Duwatsun ginin ne suka rage, amma daga nan za ka gane dalilin da ya sa suka zaɓi wurin: duk mai tahowa ta kwari kana ganinsa.

Mataki na bakwai: kurmi, da yadda ake ganin dabba a cikinsa

Daga Gashaka tafiyar 'yan awoyi ce a ƙafa zuwa Kwano, sansanin da masu binciken birai suka zauna a shekarar 2000, lokacin da Farfesa Volker Sommer na wata jami'a a Landan ya kafa aikinsa a wurin. A nan kurmi na gaske yake.

Ka tashi kafin gari ya waye, ka yi salla, ka sha shayi, ku fita. Daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar, su ne lokutan motsi. Tsakar rana daji barci yake. Ku yi layi ɗaya, jami'i a gaba. Ba hira, ba turare, waya a kashe. A kurmi kunne ke riga ido: ka ji reshe ya yi kaɗawar da ba ta iska ba, ko ɓawon 'ya'yan itace na faɗowa ɗaya-ɗaya, to ka tsaya cak ka ɗaga kai a hankali. Kada ka nuna da hannu, ka nuna da leɓe.

Wanda za ka fi saurin gani shi ne baƙin birin nan mai farin gashi a kafaɗu da doguwar jela mai farin tuntu. In ya yi tsalle daga itace zuwa itace, farin gashin ya buɗe, sai ka ce mai babbar riga ne ya yi sufa. Akwai wani mai farin ɗigo a hanci kamar an ɗiga masa alli, namijinsu yana da kira mai ƙarfi da yake gargaɗin 'yan uwansa da shi. Bika kam ko'ina, amma na nan ba su saba da hannun mutum kamar na Wikki ba, kada kuma ka koya musu. A ƙasa akwai mazo, gada, jan aladen daji mai tuntu a kunne, da wani ƙaton baƙin aladen kurmi. A fili kuma ɓauna, gwambaza, gwanki, kanki da mugun dawa. Damisa tana nan, amma sawunta za ka gani a kan yashi. Giwa da zaki kuwa, kada ka sa su a lissafinka.

Sai cimfanzi, birin da ya fi kowane kama da mutum. Irin da ke nan a Najeriya da Kamaru kaɗai ake samunsa, kuma Gashaka na cikin manyan mafakarsa da suka rage. Zan faɗa maka gaskiya: da wuya ka gan shi. Ni ban gan shi ba. Abin da na gani shi ne gadonsa, rassa da ya lanƙwaso ya saƙa a can saman itace, don kowane dare sabo yake yi. A gindin wani itace kuma jagoranmu ya tsuguna ya tsinto wasu 'yan sanduna uku, an zage musu ganye, bakin ɗaya ya tattauke kamar asuwaki. "Ka ga cokalinsa," in ji shi. Da irinsu yake zaƙulo zumar galla daga rami, da su kuma yake tsamo kwarkwasa ya suɗe. Da asuba mun ji ihunsu daga wani kwari, da dukan saiwar itace kamar ganga. Wannan ma ya ishe ni.

Tunda an ambaci kwarkwasa: ka riƙa duban ƙasa. In ka ga baƙin layinsu ya ratsa hanya, ka tsallake da sauri, kada ka tsaya ɗaukar hoto. Na tsaya. Ban ji cizonsu ba sai da suka hau har cinya, kuma a gaban mutane biyar na tuɓe wando. Ka cusa ƙafar wando cikin safa tun daga sansani.

Tsuntsaye sun haura iri 500 a gandun. Ko ba ka damu da su ba, akwai wani babba shuɗi mai baƙin tukku da ke gudu a kan reshe kamar kurege, shi kaɗai zai sa ka karɓi madubin daga hannun abokinka.

Mataki na takwas: hawa sama

Mai kwana biyar ko shida ya nufi Chappal Hendu. Mai jin Fulatanci ya riga ya san abin da zai tarar, don hendu iska ce. Tsayinsa ya kai mita 2,000. Kusan duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da digiri 6, ga iska ba abin da ke tare ta. Gangirwal ta cikin gandun tafiyar kwanaki ce masu yawa. Shi ya sa masu hawansa da dama ke zagayawa ta Mambila, su bi Nguroje zuwa Njawai, su taka daga can. Ko ta ina, da sanin hukumar gandun da jami'inta.

Ku fara hawa da sanyin safiya, a hankali, taku gajere. 'Yan dako za su wuce ka da buhu a ka da silifas a ƙafa, kada zuciya ta ɗebe ka ka bi su. Ka sha ruwa kafin ƙishirwa ta zo. Za ka ratsa fili, ka shiga kurmi, ka fito wani kurmin daban mai gajerun itatuwa da gansakuka ta lulluɓe, sannan kwatsam itatuwa su ƙare, ka tsinci kanka a kan tudun gajeriyar ciyawa mai birgima kamar an shimfiɗa darduma. A kan duwatsun gefe ake ganin gadar dutse, tsaye a kan tsinin kofato.

A saman akwai rugagen Fulani da doka ta amince su zauna a keɓaɓɓun wurare cikin gandun. Sama ta fi musu, don ƙudan tsando ba ya kai wa can. Nan tsarabarka za ta yi aiki. Ka fara da gaida Arɗo ko Jauro, ka miƙa sukari da ganyen shayi da goro, kada ka ɗauki hoton mace ko garke sai ka tambaya. Mu 'yan Gombe muna da sa'a a nan, "jam waali" ɗin da muka tashi muna ji ita ke buɗe ƙofa. Kindirmon da aka ba ni a wata ƙwarya a can, da man shanu yana yawo a kai, har yau ina tuna shi.

Ka kafa tanti a bayan dutse ko a gefen kurmi, ba a kan tsololo ba. Ka ɗumama ruwan alwalar asuba, ko ka zuba shi a gora ka kwana da ita cikin bargo. Wuta a kashe ta da ruwa kafin a tashi, busasshiyar ciyawa da wannan iska ba sa jiran kowa. Ledar biskit da gwangwani su koma cikin jakarka. Sannan ka fito kafin rana: a safiyar da hazo ya yi sauƙi, gajimare yana kwance a cikin kwari a ƙarƙashin ƙafarka, kawunan tsaunuka sun leƙo ta cikinsa kamar tsibirai.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, a nan ake yawan zamewa, don haka ka sa a sara maka sanda tun a ƙasa. Ka sallami 'yan dako da jagora hannu da hannu, kowa da nasa, da ɗan ihsani a kai. Ka bar kwana ɗaya rara a lissafinka saboda mota ko ruwa. In ka dawo Gombe zazzaɓi ya kama ka cikin mako biyu ko uku, kada ka tsaya shan maganin kemis. Ka je asibiti a yi gwajin jini, ka kuma gaya wa likita dajin da ka shiga da irin ƙudan da ya cije ka.